Kifin da Kawu Ya Kamo wa Maijego

Mu mutanen bakin kogi ne. Kakana na wajen uwa masunci ne a Yawuri, da birgi, ragar nan ta wurgawa, ya ci da gidansa, da birgi ya sa 'ya'yansa a makaranta har ɗaya ya zama likita. Ni jikarsa sai na taso da son kifi ta wata hanya daban, karatunsa na yi. Da na sami tallafin ƙaro ilimi a Manchester, mahaifiyata ta ce atafau 'yarta ba za ta je ƙasar da ba ta da kowa ba. Abin da ya sassauta ta shi ne yayanta, likitan nan, yana zaune a Birmingham da iyalinsa shekara da shekaru.

"Kawunki na can," in ji ta ranar da zan tafi. "Shi ne ubanki a can. In ya ce tsaya, ki tsaya."

Na kama ɗaki a Cheetham Hill, wata unguwa a Manchester, a saman wani shagon sari, inda ƙarar motocin da ke sauke kwalaye ce ke tashina kullum. Ranar Juma'a da yamma sai in hau jirgin ƙasa in nufi gidan Kawu a unguwar Perry Barr ta Birmingham. Matarsa, wadda muke kira Anti, ba ta taɓa barina na dawo hannu rabbana ba. In ba miyar kuka a roba ba, to dambun nama. Ina son Kawu, gara in faɗi wannan tun yanzu. Shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, shi ya koya mini yadda ake magana da GP, wato likitan unguwa, ba tare da an raina ni ba, kuma dariyarsa irin ta mahaifiyata ce sak.

Kifin da nake bincike a kansa Turawa na kiransa trout, kuma a dangin nasu ma wani iri ne da ba shi da yawa a ƙasar. Kakanninsa daga Amurka aka kwaso su tun da daɗewa aka zuba a ruwaye. Yawancinsu ba su yi ƙarko ba, sai 'yan kaɗan da suka riƙe a wasu ƙananan tafkuna masu sanyi a kan duwatsu. Nawa tafkin yana arewa da Manchester, a yi tafiya a mota, sannan a ajiye ta a bakin wata ƙofar gona a taka da ƙafa. Kifin kyakkyawa ne, ba a magana. Bayansa kore ne mai duhu, gefensa ɗige-ɗigen ja, kowane ɗigo da zobe shuɗi, bakin fukafukansa na ƙasa kuma fari tas. Duk tsawon shekara a tafkin yake zaune. Amma da ganye ya fara zuba, sanyi ya kankama, sai manyan su bar tafkin su hau wani ɗan rafi da zurfinsa bai wuce gwiwa ba, su nemi inda tsakuwa take da tsabta. Macen ce ke haƙa rami da wutsiyarta ta zuba ƙwai, namijin ya matso ya yi nasa, ta rufe. Rafin nan ɗaya tilo gare su, in ba a yi ƙwai a cikinsa ba, babu na baya.

Aikina shi ne in tare su a bakin rafin, in auna su, in sa wa kowanne wata 'yar ƙwayar gilashi a ciki wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, in sake shi. Mun shimfiɗa waya a ƙasan ruwa. Duk kifin da ya wuce ta kanta da ƙwayar nan a jikinsa, na'ura za ta gane ko wane ne. Manyan matan ba su da yawa, har na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai yagaggiyar wutsiya. Akwai wata ƙatuwa marar mutunci da ta taɓa jiƙa mini hijabi sharkaf, malamata da ke duba aikina tana tsaye tana ƙyalƙyala dariya. Wasu tsofaffin Turawa na ƙauyen da ke kusa, masu ritaya, su ne ke taya ni kwashe laka daga tsakuwar kafin kifin ya zo.

A gidan Kawu kuwa abin tsokana na zama. Hajiyar kifi suke ce mini.

"Wato ki kama shi, ki shafa masa kai, ki sake shi?" Kawu zai ce yana girgiza kai. "Kuma a uni ake koyar da wannan? Da Baba na da rai da ya sa an yi miki ruƙiyya."

Shi kansa bai rabu da ruwa ba a zuciyarsa. Birgin kakanmu yana rataye a garejinsa, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai ta faɗa kan kifi. Shi ya gaje shi, ya ɗauko shi a akwati tun zuwansa na farko. Duk bazara sai ya baje shi a kan ciyawar bayan gida, ya ɗinke inda ya tsinke, ya wurga shi sau ɗaya ko biyu a kan ciyawar, sannan ya naɗe ya mayar. Maƙwabta na leƙensa ta katanga, ko a jikinsa.

Akwai wata al'ada a danginmu. Idan 'ya ta haihu, ubanta da kansa yake shiga ruwa ya kamo kifin da za a yi wa maijego farfesu. Ba a saya. Kuma wanda aka fi so shi ne mai ƙwai, tsofaffi na cewa yana kawo ruwan nono. Lokacin da babbar 'yar Kawu ta yi haihuwar fari, kafin zuwana, karfasa daskararriya ya sayo a wani shago a unguwar Lozells. Abin bai bar shi ba. Na sha jin sa yana faɗa, murya ƙasa-ƙasa, cewa kifin kwali ya ba 'yarsa, shi ɗan masunci.

A shekarata ta biyu a ƙasar, da ganye ya fara zuba, ni ce na roƙe shi ya zo ya ga kifina. So nake ya gani da idonsa cewa ba wasa na zo yi ba. Ya tuƙo daga Birmingham ya ɗauke ni, muka ajiye motar a bakin ƙofar gonar muka taka, shi da ƙatuwar rigar sanyi da hularsa zanna, yana haki yana zagin tudu. Da muka isa wani ɗan gurbi inda ruwa ke taruwa kafin tsakuwar, sai ya tsaya cak. Ya tsugunna. Ga su nan a jere, kawunansu na kallon inda ruwa ke fitowa, cikin mazan ya yi ja jawur, matan sun yi nauyi da ƙwai. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Subhanallah," ya ce. "Kamar an zuba su da kwando."

"Kawu, su ke nan fa," na ce. "Duk manyan da ke tafkin nan ne suka taru wuri guda. In ka ga yawa, ba yawa ba ne, taro ne."

Na yi masa bayanin doka, cewa a wannan lokacin ko da ƙugiya ba a taɓa su, raga kuwa ba a yarda da ita ba ko yaushe. Ya ce, "Na ji, Hajiyar kifi, na ji." Na lura da hannunsa na dama yana ɗan lilo a gefensa, irin yadda mai birgi ke yi kafin ya saki. Na ɗauka kewa ce kawai. Daga baya an yi ta cewa laifina ne da na nuna masa wurin. Ban karɓa ba, kuma har gobe ba zan karɓa ba. Kawuna na nuna wa, likita mai furfura, bayan na gaya masa komai dalla-dalla.

Ba a daɗe ba 'yarsa ta biyu ta haihu, wadda take sa'ata kuma aminiyata a gidan. Mace aka samu. Ranar suna gidan ya cika maƙil, motoci har layin baya, mata a falo da ɗakunan sama, maza a gareji da aka share aka shimfiɗa darduma. Na zo da turmin atamfa da 'yan kayan jarirai, na ɗauki jaririyar na yi mata addu'a, na zauna cikin mata ana ta hira. Can sai ga Anti ta nufo ni da wani kwano a rufe, baki har kunne.

"Ga naki na musamman," ta ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Kawunki ya ce a ware miki mafi girma, mai ƙwai, bayan na maijego. Ya ce ke ce kika nuna hanya. Fresh ne fa, shekaranjiya da sassafe suka je shi da abokansa."

Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta ce ashe karatun kifi na da rana.

Na buɗe kwanon. Romo ne ja, ya ji kayan yaji, ƙamshinsa irin na gidan kakata. Wuta ta cinye launin fatar, amma bakin fiffiken yana nan fari. Na sa cokali na juya ƙwan da aka tara mini a gefe, sai cokalin ya taɓa wani abu ya yi ƙas. Na tsamo shi da yatsa. 'Yar ƙwayar gilashina ce, da hannuna na sa ta.

Na rufe kwanon, na bi ta kicin na fita bayan gida inda ake ajiye shara. Na buɗe leda na tarar da kayan ciki da kawuna. Na naɗe hannun rigata ta biki na zura hannu ina lalube, ina tsinto ƙwayoyin gilashin ɗaya bayan ɗaya ina ƙullewa a bakin mayafina.

Ban taɓa shiga taron maza a gidan nan ba, ranar na shiga. Na yi sallama a ƙofar garejin. Kawu na zaune a tsakiya, abokan tafiyarsa biyu a gefensa, ɗaya injiniya ɗaya akanta, yana kwatanta musu yadda ya saki birgin. Birgin kansa yana rataye a bayansa, bai gama bushewa ba.

"Kawu, don Allah ina son magana da kai."

"Hajiyar kifi! Kin ɗanɗana? Faɗi gaskiya, akwai irinsa a supermarket?"

Na kwance bakin mayafin na zuba ƙwayoyin a tafin hannuna na miƙa masa.

"Matan ne waɗannan, Kawu. Kusan dukkansu. Ba su ma zuba ƙwan ba."

Fara'arsa ta ragu, amma bai ji kunya ba, mamakina ma yake yi.

"To ai mai ƙwai ake nema. Mazan mun mayar da su da yawa, wallahi, tambayi injiniya. Ba mu yi ɓarna ba."

"Na gaya maka su ke nan. Na gaya maka a gaban ruwan."

"Haba, ke kuwa. Lake guda, tafki sukutum, ki ce babu kifi sai waɗannan? Allah ne fa ya halatta shi. Shi ya halicce su, shi zai kawo wasu."

"Haka mutanen gida suka ce," na ce, muryata ta fara tashi. "Kai ne nan kake zaune kana zagin masu raga mai ƙananan ido da masu zuba guba a kogi. Kai ne kake cewa sun ƙarar da kifin Yawuri har ƙanwarka tana sayen na ƙanƙara. Me ya raba ka da su, Kawu? Degree?"

Akantan ya sunkuyar da kai. Kawu ya miƙe tsaye a hankali.

"A gaban baƙina? Ranar sunan jikata? A kan kifi?" Ya nuna ƙofa. "Jeki wajen mata. Za mu yi magana."

Ban je wajen mata ba, tasha na nufa. A cikin jirgi har Manchester ina jin ƙarnin hannuna, na wanke a ɗan banɗakin jirgin ya ƙi fita.

Ranar Litinin malamata ta tare ni da tambaya. Ta ga na'urar ta daina ganin matan gaba ɗaya, tana tunanin ko wayar ce ta tsinke. Da na ce mata wayar ce da an wuce wurin, ko in ce ban sani ba. Na tuna maganar mahaifiyata, in ya ce tsaya ki tsaya. Na kuma tuna tsofaffin nan da ke durƙusawa cikin ruwan ƙanƙara suna kwashe laka da hannu. Na zuba ƙwayoyin a kan teburinta na gaya mata gaskiya, da wanda ya yi, da dalilin da ya sa ya yi. Muka bi su da na'ura ɗaya bayan ɗaya. Wadda na tsamo daga kwanona na ware ta daban, ita muka duba a ƙarshe. Ƙatuwar nan ce da ta jiƙa mini hijabi. Malamata ta tashi ta tsaya a taga ta ba ni baya.

Ita ta sanar da hukuma, dole ne a kanta. An kira Kawu da abokansa. Ban san takamaiman abin da aka yanke musu ba, don daga ranar babu wanda ya ƙara gaya mini komai. Abin da na sani shi ne an zo an tafi da birgin, kuma ba a dawo da shi ba.

Labari ya zaga Birmingham ya iso Manchester kafin mako ya juyo. An ce yarinyar nan ta kai ƙarar kawunta wajen Turawa saboda kifi. An ce boko ya ci kanta. Matan da muke gaisawa a masallaci suka koma amsa mini sallama a taƙaice suna gyara mayafi. Anti ta daina ɗaukar wayata. Sannan mahaifiyata ta kira daga gida, kuma ba faɗa ta yi ba, da faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Kuka take yi.

"Birgin ubana," ta ce. "Abin da ya rage mana na Baba ke nan. Shi kika sa aka ƙwace."

Ni ma na yi kukan birgin nan. A jikinsa na koyi ƙulla zare ina ƙarama, ina zaune a gefen kakana. Amma ban ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa ba, kuma ta lura ban ba ta ba.

Kada a ɗauka wajen Turawan na sami sanyi. Mai gonar ya canza kwaɗon ƙofa, aka ce daga yanzu ba zan shiga ni kaɗai ba sai da rakiya. Ɗaya daga cikin tsofaffin, wanda kullum yake zuba mini shayi daga butarsa, ya tambaye ni, wai cikin raha, ko mutanenmu duk abin da ya motsa ci suke yi. Na ajiye masa kofinsa na koma bakin rafin. Malamata ta yi iya ƙoƙarinta, ta nemi a taimaka a farfaɗo da kifin. Amsar da ta samu ita ce, tunda asalinsa ba na ƙasar ba ne, baƙo ne, ba shi ne a gaba ba. Ranar da ta gaya mini haka dariya na yi, irin wadda ba ta da daɗi. Kifin yana tafkin nan tun kafin a haifi kakan duk wanda ya ba da amsar.

Malamata ta ce kada mu yanke ƙauna, akwai ƙanana a tafkin da za su iya girma su taso. Na riƙe wannan maganar tsawon shekara. Na yi azumi ni kaɗai a Cheetham Hill, na yi Sallah da taliya da ƙwai. Jaririyar da aka yi wa suna a hoto kawai nake ganinta, uwarta ce ke turo mini a ɓoye.

Da ganye ya sake zuba na koma rafin, da ɗan rakiyata yana zaune can nesa a kan dutse. Mun share tsakuwar tas, tana ta ƙyalli. Mazan suka zo. Na gane wasunsu, waɗanda Kawu ya ce ya mayar don kada ya yi ɓarna. Cikinsu ya yi ja kamar kullum, suka jeru a kan tsakuwar, suna korar juna, kowa na tsare wurinsa. Namiji ba ya haƙa rami. Na yi ta zuwa ina duba tsakuwar ko zan ga inda aka tona, tana nan lumui yadda muka bar ta.

Ina tsugunne a wurin wata rana wayata ta yi ƙara. Aminiyata ce, 'yar Kawu, muryarta cike da murna, ina jin 'yarta tana gwaranci a kusa.

"Albishirinki! Na shawo kan Baba. Ya ce ki zo wannan weekend ɗin, a ci abinci tare. Ya ce komai ya wuce, ya yafe miki."

"Ya yafe mini," na maimaita.

"Wallahi da bakinsa ya faɗa. Kawai kada ki tayar da maganar. Me zan ce masa?"

Na dubi ruwan. Wani babban namiji ya kori wani ƙarami, ya dawo ya tsaya a wurinsa, kansa na kallon inda ruwa ke fitowa, yana kaɗa wutsiya a hankali.

"Ki ce masa na gode," na ce. "Ki ce masa mazan da ya mayar sun zo. Suna nan suna jira."